Harhaɗa kwamfutar tebur a Katsina: abin da za a duba kafin a zare kuɗi

Duk wanda ya zagaya shagunan buga takardu da zane-zane da ke bakin titin IBB, ko ya leƙa ɗakunan da matasa ke tace bidiyo a unguwannin birnin Katsina, zai lura cewa aiki ya fara fin ƙarfin wayar hannu. Mai tace hirar minti arba'in da aka yi da wani ɗan siyasa, da mai zana fastar taro, da ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke koyon rubuta manhaja, da mai son buɗe cibiyar horar da masu zana jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta ɗungurungum tun 2015, dukansu sukan kai gaɓar da ba makawa sai sun nemi na'ura mai ƙarfi. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa kuwa, buƙatar masu irin wannan sana'a ƙaruwa za ta yi.

Hanya biyu ce a gaban mai nema. Ko dai ya sayi wadda kamfani ya riga ya haɗa, ko kuma ya sayi sassan ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa da kansa ko ya kai wa mai gyara ya haɗa masa. Hanya ta biyu tana da fa'idar da ta dace da halin da muke ciki: mutum zai zuba kuɗinsa a inda aikinsa ke buƙata kawai, kuma ranar da wani sashe ya lalace, shi kaɗai zai canza. Sai dai kuskure a cikinta yana da tsada. Kusan babu wani abu a cikin akwatin kwamfuta da ake ƙerawa a Najeriya, don haka farashin kowane sashe dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala tana kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kayan dala 500 da a lissafin farko ba su wuce naira 230,000 ba, sun koma naira 750,000, wato sama da albashin wata goma na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi bai kamata ya yi cinikin biri a sama ba.

Aikin ne ke zaɓar kaya

Tambayar farko ita ce: me za a yi da kwamfutar? Mai buga takardu, da mai lissafin shago, da mai koyon rubuta manhaja, da mai cibiyar jarrabawa, buƙatarsu ƙarama ce, kuma matsakaiciyar na'ura ta ishe su. Mai zane da Photoshop ko CorelDRAW yana buƙatar ƙari kaɗan. Mai tace bidiyo da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, da mai zanen gine-gine, su ne masu buƙatar kaya masu nauyi. Yawancin asarar da matasa ke yi ta samo asali ne daga kallon bidiyon Turawa masu wasannin kwamfuta, sai mutum ya kwafo jerin kayan da aka tsara don wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi, a ƙasar da ba a ɗauke wuta.

Masarrafa da uwar allo

Masarrafa, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarta a kwamfutar tebur, Intel da AMD. Abin da aka fi yaudarar masu saye da shi a nan shi ne suna. Mai kaya zai ce "Core i7 ce," mai saye kuma ya ɗauka ya samu ƙarshen ƙarfi. Alhali i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, kuma kusan kowace shekara sabon zubi ke fitowa. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin gaskiya. Core i7-4770 zubi na huɗu ce, ta 2013. Core i5-8500 zubi na takwas ce, ta 2018. Core i3-12100 kuwa zubi na goma sha biyu ce, ta 2022, kuma duk da sunanta na i3, ta fi waccan tsohuwar i7 sauri nesa ba kusa ba, ga ƙarancin cin wuta.

Harafin da ke ƙarshen lambar ma yana da magana. Masarrafar Intel da ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba ta da sashen nuna hoto a cikinta. Idan ba a haɗa ta da katin hoto na daban ba, allo ba zai nuna komai ba. A ɓangaren AMD kuma, a zubin Ryzen 5000, mai harafin G ce ke ɗauke da nata sashen hoto, kamar Ryzen 5 5600G. Ga mai ƙaramin ƙarfi a Katsina, irin wannan masarrafa mai wat 65 da ba ta buƙatar katin hoto tana cikin zaɓin da ya fi ma'ana.

Uwar allo, ko madabod a bakin masu gyara, ita ce faifan da kowane sashe ke hawa kansa. Ba kowace masarrafa ke zama a kan kowace uwar allo ba, domin kowane zubi yana da mazauninsa. Mazaunin AM4 na AMD ya ɗauki zubin Ryzen daga 2017 har zuwa zubin 5000, AM5 kuma ya fito a 2022. Na Intel mai suna LGA1700 yana ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14. Idan mazauni bai dace ba, babu wata dabara da za ta sa su haɗu. Wani lokacin ma mazaunin ya dace, amma tsohuwar uwar allo ba za ta gane sabuwar masarrafa ba sai an sabunta ƙaramar manhajar da ke cikinta, wadda ake kira BIOS. Saboda haka ya fi aminci a sayi su biyun a wuri ɗaya, a kunna su a gaban mai kaya. Mai sha'awar manyan masarrafan Intel na zubi na 13 da 14 na hannu kuma ya yi hattara: a 2024 kamfanin da kansa ya amsa cewa wasunsu na lalacewa saboda wutar da ke shigarsu fiye da kima, har ya ƙara wa'adin garantinsu da shekara biyu. Wadda ta riga ta ji rauni ba ta warkewa.

Ram da ma'adana

Ram ita ce teburin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a wannan lokacin. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci a yau, 16 ya wadatar da yawancin mutane, mai tace bidiyo kuma zai ji daɗin 32. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, musamman ga wanda ba shi da katin hoto. Akwai DDR4 da DDR5, kuma ramin ɗaya ba ya karɓar ɗayar. AM5 ba ya aiki sai da DDR5, AM4 kuma sai DDR4, uwar allon LGA1700 kuwa ta danganta da yadda aka ƙera ta.

A nan ne siyasar duniya ta shigo har cikin aljihun Bakatsine. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke ƙera kusan dukan ram ɗin duniya. Daga ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antun ke fitarwa don cibiyoyinsu. A Disambar 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa mai tambarin Crucial. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne ya zaɓi uwar allo mai ramin ram huɗu, ko aƙalla ya bar gurbin ƙari, ya sayi abin da zai iya yanzu, ya ƙara idan kasuwa ta lafa.

Batun ma'adana ba shi da doguwar muhawara. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai mahaɗin SATA tana kai wa kimanin 550, mai mahaɗin NVMe kuma daga 3,500 zuwa 7,000. A ɗora Windows da manhajoji a kan SSD ta gigabait 512 ko terabait ɗaya, a bar faifai mai juyawa don tara tsofaffin bidiyo. Faifai mai juyawa ma ba ya son a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar aiki, abin da kuwa kullum ke faruwa a nan. Jabun SSD sun yi yawa a kasuwa, masu nuna terabait ɗaya alhali cikinsu bai kai rubu'in haka ba. Duk wadda farashinta ya yi daɗi fiye da kima, to da walakin.

Katin hoto: wa yake buƙatarsa?

Katin hoto shi ne sashen da ya fi tsada a yawancin haɗi, ya fi cin wuta, kuma ya fi fitar da zafi. Mai aikin ofis da mai cibiyar jarrabawa ba su da buƙatarsa ko kaɗan. Mai tace bidiyo mai nauyi da mai zanen gine-gine su ne zai yi wa amfani, kuma ko su ma ya kamata su duba wat kafin su duba suna. RTX 4060 na Nvidia yana jan kimanin wat 115, RTX 3060 wat 170, RTX 4090 kuwa wat 450, wato shi kaɗai ya fi firji da talabijin da fankokin wani gida a haɗe. Na hannu kuma akwai abin lura a kansu. Har zuwa Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ya sauya tsarinsa, dubban ɗaruruwan katunan hoto sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana ba hutu. Da aikin ya mutu, sai aka watso su kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu kuma fankarsu ta gaji. Ba a gane bambancin da ido, sai an kunna an ɗora wa katin aiki mai nauyi na aƙalla rabin sa'a.

Wuta, inda lissafin Katsina ya bambanta

Sashen da masu haɗi suka fi rainawa shi ne akwatin rarraba wuta, wanda ake kira fawa fak. Shi ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sauran sassa ke sha. Mutum zai kashe dubu ɗari shida a kan masarrafa da katin hoto, sannan ya nemi fawa fak mafi araha, marar suna, wanda aka rubuta wat 500 a jikinsa amma ba ya iya bayar da rabinsa. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, shi zai fara ƙonewa, kuma sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai. Araha ba ta ado. A nemi na sanannen kamfani, mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta maimakon ta zama zafi. A duba jikinsa kuma a ga ko an rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240, domin irin wannan ya fi jure wutar da ke zuwa ba ƙarfi. Haɗin da ba shi da katin hoto wat 450 ya ishe shi har da rara, mai matsakaicin kati kuma wat 550 zuwa 650.

Sai kuɗin wutar kanta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a ashirin a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya ya daidaita a wajen naira 209. Na'urar da ke jan wat 300 ita da allonta, idan ta yi aikin sa'a takwas, ta sha yunit 2.4, kusan naira 500 a rana, wato kimanin naira 13,000 a kwana 26 na aiki. Mai jan wat 100 kuwa ba za ta kai naira 4,500 ba. Wannan ga wanda wutar KEDCO ke isa gare shi ke nan. Wanda ke rukunin ƙasa yana biyan ƙasa da haka, amma yana cike giɓin da fetur, wanda tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ƙaramin shago ba ya iya ƙonawa yini guda.

Shi ya sa da yawa suka koma sola, kuma a nan ne wat ke zama kuɗi tsagwaronsu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na sa'a guda a rubuce, amma idan irin na dalma ne, rabin haka kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Na'ura mai wat 300 za ta shanye wannan rabin cikin ƙasa da sa'a huɗu, mai wat 100 kuma za ta kai sa'a goma. Ke nan duk wanda ya sayi babban katin hoto ya sayi ƙarin batir da ƙarin faifan sola, ko ya sani ko bai sani ba. Inbata ma iri biyu ce. Mai araha tana fitar da wuta mai gargada, wadda fawa fak na zamani da yawa ba sa jituwa da ita: wani ya riƙa ƙara, wani ya kashe kansa. A tambayi mai sayarwa wadda ke fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layin gwamnati. Wanda kuma ke kan wutar KEDCO ko janareta kai tsaye, to sitabilaiza da ƙaramar UPS da za ta ba shi minti goma ya adana aikinsa ya kashe na'urar, a cikin kasafin farko ya kamata su shiga.

Duk wannan ɗawainiya da matashi ke ɗauka a kansa tana da asali. A Lambar Rimi, kusa da birnin, akwai tashar samar da wuta daga iska mai megawat 10, wadda aka fara maganarta tun 2005 zamanin gwamnan Katsina Umaru Musa 'Yar'adua, ta kuma sha tsaiko shekara da shekaru, har da sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Disambar 2012. A Oktobar 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Katsina, sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Gwamnatin tarayya tana da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ma ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha. Horon abu ne mai kyau. Amma wanda aka koya wa aiki ya koma unguwar da wuta ke leƙowa sa'a huɗu, yana da haƙƙin ya tambayi masu neman ƙuri'arsa me suka yi da ikon da wannan doka ta ba su.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Masarrafa tana rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 95 zuwa 100, sai mutum ya ga aikin da ke ƙarewa cikin minti goma da asuba yana cin rabin sa'a da azahar. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala kyan ɗan maciji ne a wannan yanayi. A zaɓi mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska, da ɗaya mai fitarwa a baya. Na'urar sanyaya ta ƙarfe da fanka ta fi mai ruwa dacewa da mu, domin idan fankarta ta mutu ana samun wata a ko'ina. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle idan an kashe, a hure shi da abin hura iska duk bayan wata biyu. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke tsunkulinsa idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tsunkuli ya isa ya kashe sandar ram, don haka mai haɗi ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki kowane sashe.

Na hannu, da inda ake saye

Gaskiya ita ce yawancin matasa ba za su iya sayen komai sabo ba, kuma babu aibi a kayan gwanjo. Tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, suna da ƙarko, kuma idan aka ƙara musu ram da SSD sukan yi aikin ofis sarai. Iyakarsu ita ce da yawansu suna da fawa fak da uwar allo na musamman da ba sa karɓar na kasuwa, kuma siraran cikinsu ba sa ɗaukar babban katin hoto. Akwai kuma batun Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktobar 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar masarrafar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Miliyoyin na'urorin da suka gaza wannan sharaɗi ne ofisoshin can ke fitarwa, kuma ba sai an faɗa ba, da yawansu nan za su nufo. Wanda ya sayi zubi na shida ko na bakwai ya san cewa ko dai ya zauna da manhajar da ba a toshe mata kafar ɓarayi, ko ya koma Linux, kamar Ubuntu ko Mint, waɗanda kyauta ne kuma sun ishi mai koyon rubuta manhaja. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya da ke ajiye bayanan mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ba duk abin da ke shigowa ne ke aiki ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara a 2015 da 2016, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma wajen rubu'insu matattu ne tun kafin su sauka.

Ƙananan kaya ana samunsu a shagunan cikin birnin Katsina. Manyan sassa kuwa galibi daga Kano suke zuwa, daga titin Beirut da kasuwar Farm Centre, ko daga Banex a Abuja, ko kuma tushen su duka, Computer Village da ke Ikeja a Legas. Saye daga nesa yana rage farashi, amma mayar da kayan da ya ƙi aiki daga Katsina zuwa Ikeja wani aiki ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, amma ba tare da rasit ba magana ce ta fatar baki. A sa mai kaya ya rubuta cikakken sunan kowane sashe, da lambar da ke jikinsa, da kwanakin garanti. A tafi kasuwa da filasha mai ɗauke da manhajoji uku na kyauta: CPU-Z za ta faɗi ainihin masarrafa da ram da uwar allon da ke ciki, CrystalDiskInfo za ta nuna sa'o'in da ma'adana ta yi tana aiki da lafiyar da ta rage mata, MemTest86 kuma za ta tona ram mai matsala. A yi gwajin duka kafin a tura kuɗi.